Amsoshin Tambayoyinku: tankin AdBlue da abin da ke cikin salansar mota

Jama'a masu saurare assalamu alaikum. Tambayar yau wani direban tirela ne ya aiko daga Kano, ya ce motarsa 'yar Turai tana da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi an rubuta AdBlue, makanike ya ce a cire kawai tunda baya ƙara gudu, wai shin meye amfaninsa?

To malam direba, don Allah kar ka yarda a cire. Injin dizal in ya ɗau zafi, naitirojin da oksijin na iskar da ya zuƙa sai su haɗe su zama guba da ake ce ma NOx, ita ce ke tayar wa masu asma ciwo, kuma yaran da ke talla a bakin titi suna yawan shaƙarta, abin na damuna wallahi.

Shi AdBlue yuriya ce tatacciya, kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tsaftataccen ruwa. Ana fesa shi cikin salansa, zafi ya maida shi iskar amoniya, sai hayaƙin ya ratsa wani dunƙule mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, to a nan fa aikin yake, don bangon ramukan a manyan motoci da yawa an shafe shi da garin wani sinadari da ake ce ma titaniyam oksaid, wanda shi kaɗai baya tsinana wani abin kirki sai an cuɗa masa ɗan sinadaran ƙarafan banadiyam da tungistin, su ne ke kama amoniyar su haɗa ta da gubar, abin da zai fito ta baya naitirojin ne da tururin ruwa. Japan ce ta fara sa wannan dabara a tashoshin wutar lantarki tun ƙarshen shekarun 1970.

Matsalar dunƙulen nan yana son zafi, wajen digiri 300 zuwa 400 a ma'aunin Salshiyas, in mota na cikin goslo salansa bata kai haka ba aikin sai ya ragu. Shi yasa masu bincike suka duƙufa kan wasu ƙarafan, manganis da siriyam, da ke aiki ko a ƙasa da digiri 200, sai dai su kuma sinadarin salfa da ke cikin dizal na saurin kashe su, kaga kenan dizal mai datti babban abokin gaba ne.

Sannan kar tsada ta sa ka jiƙa takin yuriya na gona ka zuba, dattin ciki zai toshe bakin feshin ya lalata dunƙulen, gyaran ya fi kuɗin AdBlue ɗin nesa ba kusa ba.