Feshin Filasma a Ɗakin da Aka Rage wa Iska

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, abubuwa uku na zo da su yau: yadda feshin yake, dalilin rage iska, da kayan da ake fesawa, wato ƙarfe da tangaran.

Fesa narkakken ƙarfe a jikin wani abu tsohuwar dabara ce, Max Ulrich Schoop ya fara ta a birnin Zurik na Suwizalan wajen 1910. Filasma, wato iskar gas da wutar lantarki ta zafafa matuƙa, daga baya ta shigo. Ana tura iskar agon, wadda ba ta sa ƙarfe tsatsa, haɗe da haidurojin ko hiliyom, ta ratsa tartsatsin lantarki a cikin bindigar feshi, sai ta fito da zafin da ya haura digiri 10,000. A cikin wannan harshe ake zuba garin ƙarfe mai laushi ƙwarai, kowane ƙwayar gari ya narke, ya bugi jikin abin da ake rufewa, ya baje, ya daskare nan take, wani ya faɗo a kansa, har rufi ya yi kauri.

To, ina matsalar? Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga baƙin ɓawon da ke zubowa daga jan ƙarfe idan ana dukansa a kan uwar maƙera. Aikin iskar oksijin ke nan. Idan an yi feshi a sarari, harshen filasma yana jawo iskar waje, kowane ɗigo ya isa da nasa ɓawon, sai rufin ya zama ƙarfe da tsatsa, ƙarfe da tsatsa, hawa bisa hawa. A farkon shekarun 1970 Erich Muehlberger, a Kalifoniya ta Amurka, ya mayar da aikin cikin rufaffen ɗaki na ƙarfe. Ana zuƙe iskar ɗakin har matsinta ya gaza miliba 1 (miliba ma'aunin matsin iska ne), sannan a zuba agon zuwa miliba 50 ko 100 ko 200, alhali matsin iska a gaɓar teku miliba 1013 ne. Ku lura, ba a barin ɗakin fanko, iska ce aka musanya. Harshen da a sarari bai wuce tsawon yatsa ba, a nan yakan miƙe ya kusa rabin mita, gudunsa kuma ya wuce na sauti.

Amma abin da ya fi ƙayatar da ni, kuma ina roƙon masu rubutu su ajiye alƙalami su saurara, shi ne wankin lantarki. Kafin a fesa komai, ana jona shi kansa ƙarfen da za a rufe da wuta, a mayar da shi ɓangaren da ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, ke fita daga gare shi. Sai ƙananan tartsatsi su bazu a jikinsa, kuma ikon Allah, inda ɓawon tsatsa yake nan suke bi, su ƙone shi, su matsa gaba. Wanda ya leƙa ta gilashin ɗakin zai ga kamar ƙananan taurari suna yawo a kan ƙarfen, bayansu yana fitowa fes. A sarari wannan wanki ba shi da amfani, domin kana wankewa iska tana mayarwa. A cikin agon kuwa, ƙarfen zai zauna tsirara, a dumama shi ya kai digiri 800 ko fiye, bai yi tsatsa ba. Ina maimaitawa, ja wur yake, kuma bai yi tsatsa ba. Idan ɗigo ya faɗa a kan irin wannan fuska, ba manne kawai yake yi ba, ƙwayoyin zarra na rufi da na jiki suna kutsawa cikin juna, musamman bayan an sake gasa shi a tanderu. Ramukan da ke cikin rufin kan gaza kashi 1 cikin 100.

Don me ake wannan wahala mai tsada? Saboda fukafukan da ke juyawa a cikin injin jirgin sama, da na injinan gas masu ba da lantarki irin na tashar Geregu a jihar Kogi. Ana rufe su da gaurayen nikel ko kobal, da kuromiyom, da alminiyom, da ɗan itiriyom kaɗan. Alminiyom ɗin ne zai yi siririyar fata mai kare ƙarfen a cikin wuta, itiriyom ya riƙe fatar kada ta ɓare. Idan oksijin ya cinye su tun a hanya, an yi asarar rufin kafin a tayar da injin.

Saura tangaran, kuma na ga lokaci yana tafiya. Zakoniya, wani irin tangaran, mai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na itiriya (haɗin itiriyom da oksijin), sai kusan digiri 2,700 take narkewa, iskar ɗakin da aka rage kuwa ba ta isar da zafi sosai, shi ya sa galibi a sarari ake fesa ta, tunda ramukanta ma ana son su don tare zafi. Amma idan aka sauko da matsin ɗakin zuwa miliba 1 ko 2, aka yi aiki da bindiga mai ƙarfi, garin yakan zama tururi, harshen ya kai mita 2. Na'am, Hajiya?

(Wata daga cikin masu sauraro ta tambaya ko wannan ne ake yi wa ƙarfen da likitoci ke sa wa mutum a ƙugu.)

Shi ne, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sai dai can abin da ake nema ya juya. Ana fesa ƙarfen taitaniyom da manyan ƙwayoyi da gangan, domin fuskar ta yi kaushi da ramuka, ƙashi ya tsiro ya shiga ya riƙe ƙarfen ba tare da siminti ba. Taitaniyom mai zafi yana haɗiye oksijin da naiturojin, idan ya haɗiye kuma ya zama mai saurin karyewa, kuma ba wanda zai so ɓarɓashi a cikin jikin mahaifiyarsa. Don haka galibi a ɗakin agon ake fesa shi. Wasu kan ƙara hawa na haidiroksi-afatait a sama, sinadarin kalsiyom da fosfet irin wanda ƙashinmu yake ɗauke da shi, don ƙashi ya yi saurin kamawa.