Bikin Dussehra: Yadda Ake Haɗa Ravana Don A Ƙona Shi

Ƙaton mutum-mutumi mai kawuna goma da ake ƙonawa a bikin Dussehra a Indiya, gora ce da takarda. An shafe makonni ana haɗa shi, amma cikin 'yan mintuna zai koma toka.

Sunansa Ravana, sarkin Lanka. A labarin mabiya addinin Hindu, shi ya sace Sita, matar Rama, Rama kuwa ya bi shi har gida ya kashe shi. Ranar wannan nasara ta alheri a kan sharri ita ce Dussehra, rana ta goma bayan darare tara na bikin Navratri, a watan Satumba ko Oktoba.

Unguwar Titarpur da ke yammacin Delhi ta yi suna wajen sana'ar haɗa mutum-mutumin Ravana. Masu aikin kan tsaga gora siri-siri, su lanƙwasa, su ɗaure da waya. Ba a yin sa a dunƙule: kai daban, gangar jiki daban, ƙafafu daban, sai an kai fili a harhaɗa. A kan gorar ake shimfiɗa tsofaffin zannuwan sari, a manna takarda da kwaɓin fulawa, sannan fenti. Gashin baki kuwa dole ya murɗe ya yi girma, shi ne alamar girman kansa. Daga ƙarshe a cusa kayan tartsatsin wuta a cikinsa.

Ruwan sama ne babban abokin gaba. Takarda ta jiƙe, manni ya saki, wuta ta ƙi kamawa. Iska kuma, in igiyoyin da suka riƙe shi ba su ɗauru ta kowane ɓangare ba, sai ta kifar da shi kan jama'a.

Da magariba ake fara ƙona mutum-mutumin Meghnad, ɗan Ravana, da na Kumbhakarna, ƙanin Ravana. Sannan mai fitowa a matsayin Rama ya harba kibiya mai wuta, yana auna cibiya, don a nan labarin ya ce ran Ravana yake.

Tazarar 'yan kallo ba abin wasa ba ce. Ranar 19 ga Oktoba, 2018, a birnin Amritsar na Indiya, mutane sun tsaya kallo a kan layin dogo. Ƙarar tartsatsin ta danne ƙarar jirgin ƙasa, ya afka musu, kusan mutum 60 suka mutu.