Watan haihuwa, hasken rana da ciwon jijiyoyi na MS

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu na shirya faɗa, Allah ya sa lokaci ya bar mu.

Na farko, ita cutar kanta. Likitoci na ce mata maltiful sikilerosis, a taƙaice MS, kuma ba ruwanta da sikila, kada a haɗa. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Sai garkuwar jiki ta rikice ta dinga cin wannan rufin. Saƙo ya daina wucewa daidai: ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya yi sanyi, a samu sauƙi, bayan watanni abin ya dawo. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a Paris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta ce masu ita sun kai miliyan 2.8 a duniya, mata sun ninka maza, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 take bayyana.

Na biyu, ba ko'ina take da yawa ba. Duk yadda ka yi nesa da tsakiyar duniya, wato layin ikwaita, ka nufi ƙasashen sanyi, sai ta ƙaru. Kanada, Suwidin, Sikotland. Tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotland suna cikin inda ta fi yawa a duk duniya. A cikin Ostareliya kaɗai, Tasmaniya da ke can kudu ta ninka arewacin Kwinsland sau da yawa.

To yanzu ga inda nake so ku gyara zama. A 2005 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani bincike da ya tara marasa lafiya sama da 42,000 daga Kanada, Birtaniya, Denmak da Suwidin. Tambaya ɗaya aka yi: a wane wata aka haife su? Sai aka ga waɗanda aka haifa a Mayu sun haura abin da ake tsammani da kusan kashi 9 cikin 100, na Nuwamba kuma sun gaza da kusan haka. Malam na ga ka ɗaga gira. Wallahi ba duba ba ne, ba kuma bugun ƙasa muka koma ba! [dariya] Ku ƙirga baya da yatsunku. Ɗan Mayu, cikinsa ya shiga wajen Agusta. Ke nan uwarsa ta ɗauke shi tun daga Oktoba har Maris, tsakiyar hunturunsu. Kuma hunturun can ba irin namu ba ne da ake fitowa shan hantsi. A Edinbara, babban birnin Sikotland, a Disamba, ƙarfe huɗu na yamma ba ta yi ba rana ta faɗi. Ko ta fito ma a kwance take, hasken da fata ke buƙata ta haɗa bitamin D ba ya isowa ƙasa. Wata shida cur fata ba ta haɗa wani abin kirki. Ɗan Nuwamba kuwa, cikinsa ya tsufa ne a lokacin da rana ke sama.

Wani zai ce, to ai ƙila wani abu ne daban da ke tattare da Mayu. Yawwa. Shi ya sa nake son Ostareliya. Can komai a juye yake, sanyinsu Yuni zuwa Agusta ne, suna Kirsimeti cikin zufa. Idan watan ne da kansa, ya kamata can ma Mayu ya zama Mayu. Idan kuma rana ce, dole lissafin ya kife. A 2010 aka duba. Ya kife! Haihuwar Nuwamba da Disamba ita ta fi haɗari, ta Mayu da Yuni ta fi sauƙi. Ku sake ji: wata ɗaya, cuta ɗaya, ka tsallaka tsakiyar duniya sai amsa ta juye. Da suka sa yawan hasken da uwa ta samu a watanni ukun farko na ciki cikin lissafin, sai tasirin watan ya ɓace. Ni dai a ganina bincike ba ya wuce haka daɗi.

Amma fa kada daɗin ya kwashe mu. A 2013 wasu masana a Kambirij suka ce a dakata. Haihuwa kanta ba daidai take rabuwa cikin watanni ba, tana canzawa daga shekara zuwa shekara, daga gari zuwa gari, kuma idan ba ka gwada mara lafiya da sa'o'insa na yankinsu ba, kana iya ganin bambancin da babu shi. Suna da gaskiya, har yau ana ja a kan girman abin. Abin da ya hana ni jefar da batun rana shi ne jini. A Denmak suna ajiye ɗigon jinin jarirai, aka koma aka auna: masu ƙarancin bitamin D sun fi kamuwa daga baya. A Finland jinin masu ciki aka auna, aka ga haka.

Na uku... ko na huɗu muke? Shugaba yana nuna min agogo. Bari in yi sauri. Ban da rana, akwai wasu abubuwan da ke ƙara haɗarin: akwai gado, akwai shan taba, akwai ƙiba a ƙuruciya. Akwai kuma wata ƙwayar cuta ta bairos da ake kira Epstein-Barr: binciken 2022 kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna haɗarin MS na ninkawa sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar. Wannan lacca ce mai zaman kanta. Na'am, Hajiya?

[Tambaya: 'Yata tana aure a Manchesta, tana da ciki, an ce mata Mayu za ta haihu. In ce ta dawo gida?]

A'a Hajiya, kada ki tayar mata da hankali. Kashi 9 ɗin nan ƙari ne a kan abin da dama ƙanƙane ne, kusan duk 'ya'yan Mayu lafiya lau suke tsufa. Amma tambayarki ta taɓo mu. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana ba ta yanke mana, shi ya sa wannan lissafin wata bai shafi wanda aka haifa a nan ba. 'Yarki kuwa tana can sama da digiri 53, ga baƙar fata wadda ta fi buƙatar rana kafin ta haɗa bitamin D, ga sutura, ga zaman ɗaka saboda sanyi. Hukumar lafiyar Birtaniya da kanta ta ce mai ciki, da mai duhun fata, su riƙa shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum. Ki kira ta yau ki tambaye ta ko ungozomarta ta ba ta. In ba ta ba ta ba, ta tambaya a awo na gaba. Akwai wani hannu a can baya, ɗan'uwa mai farar hula, miƙa masa lasifikar.