Bairos ɗin da ke kashe staf, shi ke yi mata dakon makami

Tun da labarin nan ya fara yawo a waya, cewa wai bairos ne ke koya wa ƙwayar staf bijire wa magani, tambaya ɗaya ake ta jefo mana: bairos ɗin nan ba kashe ƙwayar yake yi ba? To wanda ya kashe ka, ta ina kuma ya taimake ka? Tambayar na kan hanya, kuma a kanta za mu daɗe. Sauran bayanin da gudu za mu wuce shi.

[Hoton staf a madubin likita]

Ga ta nan, Staphylococcus aureus, bakteriyar da muke kira staf. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci, lafiyarsa ƙalau. In ta samu kafa ta shiga fata, ita ce maruru, ita ce gyambon da ke ta ruwa. In ta kai jini ko ƙashi, magana ta girma. Masu tallan magani da lasifika a kasuwa sun mai da ita ciwon sanyi, sun ɗora mata rashin haihuwa da ciwon baya da duk abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wannan hirar wata rana ce. A kan farantin staf Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. Ba a jima da fara amfani da shi ba ta koyi lalata shi. Aka kawo wani sabon magani, metisilin, a 1959, zuwa 1961 an ga wadda ta gagare shi a Ingila. Ita ce MRSA.

Wannan kuma mai kai da dogon wutsiya, shi ne bakteriyofaj, mu ce masa faj. Bairos ne, amma ba ruwansa da ɗan Adam, bakteriya kawai yake kamawa. Ya manne a jikin ƙwayar, ya tura DNA ɗinsa, wato kundin umarnin gadonsa, ciki, ƙwayar ta bar aikinta ta koma ƙera sababbin faj, daga ƙarshe ta fashe su watse. Kisa ne tsagwaronsa. To ku tsayar da hoton nan, kafin fashewar.

[A tsayar. A matso cikin ƙwayar]

Kun ga waɗannan ƙoƙunan? Kawunan sababbin faj ne, kuma babu komai a cikinsu tukuna. Daban ake ƙera kai, daban ake kwafar DNA, sai daga baya a ɗura wannan cikin wancan. Akwai wani ɗan inji na furotin da ke zama a bakin kan. Aikinsa ya nemo wata alama a jikin DNA ɗin faj, ya yanka a wurin, ya fara ɗurawa. Kamar mai ɗura hatsi a buhu da daddare: hannunsa ya san bakin buhu, ya san lokacin da ya cika, amma bai duba ko gero ne ko dawar maƙwabci ba. Kai ɗaya yana cin haruffan DNA kusan dubu 45. Da ya cika, a yanke, a ɗaura wutsiya, a jawo na gaba.

A cikin wannan hargitsi, DNA ɗin ita kanta staf yana nan zube a wurin, da ƙananan zobban DNA da ake kira filasmid, waɗanda sau da yawa a kansu ƙwayoyin gadon bijire wa magani suke. Jefi-jefi injin yakan ci karo da wani wuri da ya yi kama da alamar da yake nema, ya kama, ya ɗura. Sai a samu faj wanda kai nasa ne, wutsiya tasa ce, amma abin da ke cikinsa kayan staf ne zalla.

A nan mutane ke ɓata. Wannan faj ɗin zai fita tare da 'yan uwansa, ya samu wata staf, ya manne, ya yi allurarsa yadda ya saba, don wutsiya ba ta san abin da ke cikin kai ba. Amma umarnin kisan a DNA ɗin faj yake, shi kuwa bai zo da shi ba. Saboda haka ƙwayar da aka soka ba ta mutuwa. Abin da ta samu gadon wata 'yar uwarta ce da ta riga ta fashe. In a cikin gadon akwai yadda ake lalata fenisilin, ko yadda ake fitar da tetirasaikilin waje kafin ya yi aiki, shi ke nan, ta koya, kuma duk 'ya'yan da za ta rabu ta haifar sun gada. Wadda aka kashe daban, wadda ta ci riba daban. Norton Zinder da Joshua Lederberg ne suka fara ganin wannan a 1952, a jikin Salmonella.

Za ku ce ai kuskure ne da ba kasafai yake faruwa ba. Haka ne. Amma maruru ɗaya yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi. Kuma da zarar an sha magani, waɗanda ba su samu gadon ba su mutu, fili ya zama na wadda ta samu. Ga shi kuma staf ba ta cika tsintar DNA a waje da kanta ba kamar wasu bakteriya, shi ya sa masana ke ɗaukar faj a matsayin babbar hanyarta ta musayar kaya.

[Zanen faj kwance cikin DNA ɗin staf]

A nan hotuna sun yi mana ƙaranci, sai ku yi haƙuri da muryata. Ba kowane faj ke kisa nan take ba. Wani yakan saƙa DNA ɗinsa cikin na ƙwayar ya kwanta, kuma yawancin staf da ake samu a jikin marasa lafiya suna ɗauke da irin wannan baƙo, wata ma fiye da ɗaya. Mai masauki tana samun kariya daga irin faj ɗin da ke cikinta. A 2016 masu bincike a Kofanhegan, a ɗakin gwajin Hanne Ingmer, suka nuna abin da ni dai nake kira rashin imani: kaɗan daga cikin masu baƙon su fashe su saki faj, faj ɗin ya kashe maƙwabtan da ba su da kariya, ya kwaso gadonsu, ya dawo da shi ga sauran dangin da ba ya iya kashewa. A 2018 kuma John Chen na Singafo da José Penadés suka gano cewa wani faj ɗin tun yana kwance a wurinsa yake fara ɗuri, sai injin ya zarce cikin DNA ɗin staf, kai bayan kai, ya kwashi ɗaruruwan dubban haruffa. Wannan ya wuce a kira shi tsautsayi.

Me ke tayar da mai barcin? Duk abin da ya lahanta DNA ɗin ƙwayar. A gwaje-gwaje an ga sifirofulozasin yana yin haka, wato sifiron nan da ake saya a kemis da an ji zazzaɓi a ce taifot ne. Maganin da bai kashe ta ba sai ya firgita ta, faj ya tashi, ɗuri ya kankama. Ba bijirewa kaɗai ake ɗauka ba, har da guba: dafin PVL, mai sa maruru ya yi ta dawowa, a cikin DNA ɗin faj yake tafiya, kuma an same shi da yawa a staf ɗin Afirka ta Yamma.

Ita kuwa ƙwayar gadon da ke mai da staf MRSA, mecA, tana zaune ne cikin wani ƙunshi da girmansa ya bambanta. Manyan sun fi ƙarfin kan faj, ba sa shiga. Ƙananan, masu haruffa dubu ashirin da 'yan kai, suna shiga har da sauran wuri, kuma irin ƙaramin nan ne ke jikin USA300, nau'in MRSA da ya bazu a Amurka tsakanin 'yan wasa da fursunoni da mutanen da ko asibiti ba su kwanta ba.