Wardin cikin tukunya: ba ƙishi ke kashe shi a Legas ba

Assalamu alaikum jama'a. Tun da bidiyon nan na zuba tsakuwa a gindin tukunyar fure ya fara yawo a TikTok da guruf-guruf na WhatsApp, wai tana sa ruwa ya tsiyaye ya bar saiwa, hotuna ake ta turo mana daga Agege, Idi-Araba, Obalende, har da Mile 12, kuma kusan duk abu ɗaya ne: wardi ya yi yaushi, ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa yana zuba, sai a rubuto a ce "Malam kullum fa safe da yamma ina ba shi ruwa, na ma zuba masa tsakuwar." To Hajiya, ai a nan gizo ke saƙar. Ruwan ne ya yi masa yawa, tsakuwar kuma ba abin da ta tsinana masa.

Bari mu yi sauri da masu sauƙin tukuna.

Tukunya ki samu mai zurfi, kamar santimita 40, bokitin fenti mai lita 20 ma ya wadatar in an wanke shi tas. Rana awa 6 a ƙalla, kuma ta safe ta fi, don haka in barandarki inuwar benen maƙwabta ta rufe ta wuni guda, gara ki haƙura ki sayi wani furen, wardi ba ya lamuntar inuwa, sai dai ya yi ta tsawo siriri ba fure. In kin je wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, irin na wajen Ikeja ko Ikoyi, ki bar kallon furen da ke kai, ki juya ganyen ki duba bayansa. Kuma don Allah kada a kwatanta da wardin da ake gani a shagunan kyauta, masu kai ƙato-ƙato ɗin nan, yawancinsu daga wurare masu tudu da sanyi ake kawo su irin Kenya da Habasha, ko a nan gida Jos ce ta yi suna da fure saboda tana kan tsaunin da ya kai wajen mita 1,200. Mu nan bakin teku muke, furenmu zai fito ƙarami kuma ya yi saurin buɗewa, haka abin yake, ba wai an yi miki algus ba ne.

Yawwa. Yanzu ku matso, ga inda nake so mu zauna.

Wannan wardin da kuke gani an kawo mana shi ne wai ƙishi ke damunsa. Ku kalli yadda zan kife tukunyar. Kun ga ƙasar? Caɓi. Da a ce bidiyo na ɗaukar wari da tuni kun toshe hanci, warin kwata take yi. Ku duba saiwar, ta yi baƙi, ina murza ta da yatsa tana saluɓewa. Ga kuma ta mai lafiya a gefe, fara ce, da ƙwari, in ka ja ta sai ta yi maka gardama. Saiwa numfashi take yi, iska take sha ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙasa, in ruwa ya cike ƙofofin nan kwana da kwanaki sai ta shaƙe ta ruɓe, in ta ruɓe kuma ba ta iya jan ruwa zuwa sama, sai ganye ya yi yaushi alhali gindinsa na cikin ruwa tsundum, kai kuma da ka ga yaushi sai tausayi ya kama ka ka ƙara ɗebo buta. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ke ruɗa mu shi ne da yawanmu hannun Arewa muka zo da shi. A Kano ko Katsina in ka ba tukunya ruwa da safe a watan Maris, kafin la'asar ta bushe ƙayau. Legas kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, watan Yuni sai a wuni a kwana ana yi, ga iskar kanta a jiƙe take, wanki ma sai ya yi kwana biyu a igiya bai bushe ba balle ƙasar da ke ƙunshe cikin roba.

To sai maganar tsakuwa. Wai in ka shimfiɗa ta a ƙasa ruwa zai tsiyaye ya bar saiwa. A kunne dai da daɗi. Ku kalli wannan soson, na jiƙa shi sharkaf, na ɗora shi a kan tsakuwa. Ruwan ya sauka? Ɗan kaɗan ya ɗiga, sauran yana nan maƙale a ƙasan soson, ku ga na matsa, sharr. Ƙasa mai laushi haka take riƙe ruwa, ba ta sakinsa zuwa cikin abu mai manyan ƙofofi sai ta ƙoshi ta yi dam. Wato a kowace tukunya akwai wani yanki daga can ƙasa da ke zama jiƙe sharkaf bayan an ba da ruwa, in ka zuba tsakuwa ba ka kawar da yankin nan ba, ɗaga shi sama ka yi, ka kawo shi daidai inda saiwa take, sannan ka rage mata wurin zama. Asara biyu kenan, ga kuma nauyi in za a hau da ita bene.

Me za a yi? Huda. Ku kalli ƙusar nan da na gasa a wuta, ƙofa 6 zuwa 8 a gindin bokiti, kowacce ɗan yatsa ya kusa shiga, ba irin ta allura ba. In kina tsoron ƙasa ta zube ki shimfiɗa guntun tsohon gidan sauro. Sai ki ɗora tukunyar kan bulo biyu ko katako, don in ta zauna daɓas kan siminti ƙofofin toshewa suke yi. Farantin nan da ake sa wa a ƙasa don kada mai gidan haya ya yi faɗa an jiƙa masa baranda, na san halin da ake ciki, amma in ruwa ya taru a ciki a zubar, ko ba don wardin ba don sauro.

Ita ƙasar kanta kada a bar ta yadda ta zo cikin baƙar ledar mai fulawa, sau da yawa mai danƙo ce. Ni yadda nake haɗawa: kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashi mai tsakitsaki irin na gini, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sosai. Ki damƙa a hannu, in kin buɗe ta dunƙule amma da kin taɓa ta wargaje, to ta yi. Yashin bakin teku kuwa a'a, gishiri gare shi.

Ban ruwa kuma babu ranar da aka yanka masa. Yatsa ne alƙali. Ki tura shi har gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki wuce abinki, in ya fito a bushe ki zuba a gindi a hankali har sai kin ga yana fita ta ƙasa. Da damina za ki iya yin sati ba ki ɗauki buta ba, lokacin hutun ruwan nan na Agusta da kuma daga Disamba zuwa Maris sai ki riƙa dubawa kullum da safe. Kuma a daina yi wa ganye wanka da yamma. Baƙaƙen ɗigon nan masu zagayen rawaya cuta ce da ke bin feshin ruwa daga ganye zuwa ganye, tana buƙatar ganye ya zauna a jiƙe wajen awa 7 kafin ta kama, in kika fesa da magariba kin ba ta dare guda cur. Wanda ya kamu a tsinke, wanda ya faɗi cikin tukunya a kwashe a kai bola.

Wannan da ya ruɓe fa, zai tashi? In akwai sauran farar saiwa, e. Ga shi na yanke baƙaƙen da almakashi, na rage rassan zuwa rabi, na mayar da shi sabuwar ƙasa, zai yi sati biyu inda rana ba ta dukansa kai tsaye, kuma ba taki sai ya yi sabon toho. In duka saiwar ta narke kuwa, Allah ya mayar da alheri, bokitin dai yana nan.

Sauran a gurguje, don lokaci ya kusa ƙare mana. Takin zamani NPK 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya a wata, a barbaɗa ta gefen tukunya nesa da kara, bayan an jiƙa ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, a bari ya kwanta tukuna. Fure in ya gama a yanke shi a karkace, ɗan sama da ganye mai 'ya'ya biyar da ke kallon waje, daga nan sabon reshe zai fito. Ƙananan ƙwarin nan kore da ke cincirindo kan toho, a fesa musu ruwan ganyen darbejiya da ɗigon sabulu, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Masu tambayar soka reshen wardi cikin dankalin turawa wai don ya yi saiwa kuma, mun gani, ku adana dankalinku na fate, bidiyo na gaba za mu yi dashen reshe cikin yashi.