Darasin hawan doki: yadda ƙafa da linzami suke aiki tare

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Darasinmu na yau a kan linzami ne da ƙafa, wato yadda mahayi yake gaya wa doki abin da yake so ba tare da kokawa ba. Ga ɗalibina nan a kan sirdi, shi zai riƙa nuna muku abin da nake faɗa. Matso da dokin nan kusa, su ga bakinsa da kyau.

To, ku dubi inda ƙarfen linzami yake kwanciya. Tsakanin haƙoran gaba da turamen doki akwai fili da babu haƙori, dasashi ne kawai mara kauri a kan ƙashi. A nan ƙarfen yake zama, kuma a kan harshe. Duk fizgar da ka yi wa kamazuru, wato igiyar linzami da ke hannunka, a wannan wurin take sauka. Idan kuma linzamin mai dogayen hannuwa ne da sarƙa a ƙarƙashin haɓa, ƙarfin da ka sa ninkuwa yake yi kafin ya isa bakin. Wannan dabba ƙuda ya sauka a jikinta tana ji, har ta girgiza fatar wurin. Saboda haka in doki bai amsa ba, yawanci ba rashin ji ba ne, saƙon ne ya ruɗa shi.

Kafin mu taɓa hannu, mu gyara zama, domin wanda bai zauna daidai ba da linzami zai riƙa riƙe kansa, bakin doki ya zama masa madogara. Zauna a tsakiyar sirdi. Kunne, kafaɗa, ƙugu da diddige su faɗo a layi ɗaya. Tafin ƙafa na gaba shi ke kan likkafa, diddige ya ɗan sauka. Saki gwiwarka, kada ka matse sirdi da ita. Yawwa, haka.

Yanzu riƙo. Kamazuru ya shigo tsakanin ƙaramin yatsa da wanda ke bi masa, ya ratsa tafin hannu, ya fito ta sama, babban yatsa ya danne shi a kan manuni. Babban yatsa yana sama, hannuwa biyu kusa da juna, kaɗan sama da gaban sirdi. Abin da nake so ku lura da shi: daga gwiwar hannu zuwa tsintsiyar hannu zuwa bakin doki, layi ne miƙaƙƙe. Riƙon kuma kamar na wanda ya kama hannun ƙaramin yaro za su tsallaka titi: bai sake shi ba, bai kuma murƙushe masa yatsu ba.

Mu tashi. Ƙafa ce ke ba da umarnin tafiya, domin ƙarfin doki a ƙafafunsa na baya yake, daga can turi yake tasowa. Manna sha-raɓarka biyu a jikinsa, daidai wajen majanyi, wato ɗamarar da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikinsa, ka ɗan matsa, a lokaci guda yatsunka su sassauta don ya sami hanyar wucewa. Ya ɗaga ƙafa? Saki matsin nan take! Kun gani? Nan ne duk darasin yake, kuma ina roƙonku ku tsaya a kansa. Doki ba ya koyo daga matsin da aka yi masa, daga sakin matsin yake koyo. Ka matsa, ya amsa, ka saki, sai ya gane cewa abin da ya yi shi ne daidai. In ya amsa amma ka ci gaba da dukan haƙarƙarinsa da diddige a kowane taku, ka koya masa cewa amsawa da rashin amsawa duk ɗaya ne. Daga nan sai ya daina kula da ƙafarka, a ce masa malalaci, a nemo ƙaimi da bulala. Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai, domin laifin ba nasa ba ne.

In bai amsa matsi mai taushi ba fa? Ka ƙara ƙarfi kaɗan. Bai amsa ba, ka ɗan taɓa shi da bulala a bayan ƙafarka sau ɗaya. Da ya motsa ka bar shi. Gobe kuma da mai taushin za ka fara, kullum da shi za ka fara.

Ku kalli kansa yanzu da yake tafiya. Tafiyar hankali taku 4 ce, wato ƙafafun huɗu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma kai yana rausaya gaba da baya. Dole gwiwar hannunka ta bi wannan rausayi, in ka daskare hannu, a kowane taku sai ƙarfe ya buge shi. Haka ma a ƙaramar sukuwa mai taku 3. A sassarfa kuwa, mai taku 2, kan ya fi tsayawa wuri ɗaya, sai hannu ma ya natsu ko da jikinka yana hawa yana sauka.

Tsayawa. Mutane da yawa sun ɗauka ja ake yi. A'a. Miƙe bayanka, numfasa, ƙugunka ya daina bin tafiyar, sannan ka rufe yatsunka a kan kamazuru, ƙafarka tana nan a jikinsa ba ta matsa ba. Ya tsaya, buɗe yatsu. In bai tsaya ba, ka rufe yatsu ka saki, ka rufe ka saki. Kada ka kwanta baya kana ja da ƙarfi, wuyan doki ya fi hannunka ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da ja ya yi tsawo shi ma ja zai yi. Kada kuma ka haɗa umarni biyu masu karo da juna, ƙafa tana cewa tafi, hannu yana cewa tsaya. Irin wannan ne ke sa doki ya riƙa wurga kai, ya buɗe baki, wani ma ya miƙe tsaye da ƙafafun baya.

Akwai wata 'yar dabara da ke tsakanin tafiya da tsayawa. Doki yana ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba. Kafin ka juya ko ka sauya gudu, ka gyara zama, ka ɗan matsa ƙafa, ka rufe yatsu na ɗan ƙiftawar ido, ka saki. Ba tsayar da shi ka yi ba, ka dai ce masa shirya, ga umarni nan tafe, kuma nauyin ya ɗan koma baya.

To, juyawa, inda aka fi samun matsala. Za mu yi hagu. Fara duban inda za ka, kafaɗunka su bi idonka. Hannun hagu ya ɗan buɗe zuwa gefe, ba baya ba, har ka hango gefen idonsa na hagu, iyakarsa ke nan. Kamazurun dama ya kwanta a wuyansa, kada ka sake shi, shi ne ke hana kafaɗa zamewa waje, shi ne kuma ke auna gudu. Ƙafar hagu tana wajen majanyi, tana tura shi gaba, jikinsa yana lanƙwasa a kanta. Ƙafar dama ta koma bayan majanyi kamar faɗin tafin hannu, ta tsare gindinsa kada ya fita daga layi. Dakata, hannunka na hagu ya tsallaka geza. Mayar da shi. Kowane hannu ya zauna a ɓangarensa. Kun ga abin da ya faru da ya ja da hannu ɗaya? Wuya ya lanƙwashe hagu, amma jiki ya ci gaba da zamewa dama. Sake gwadawa, wannan karon tura shi da ƙafar ciki, wato ta hagu, zuwa kamazurun waje, wato na dama. Madalla! Shafa masa wuya.

Wannan zaman ƙafa ɗin, ta ciki a majanyi ta waje a baya, da shi ake neman ƙaramar sukuwa, amma sai darasi na gaba.

Ga aikin da za ku yi kafin nan. A fili mai shinge, da hular kwano a kai, ku zagaya da'ira mai faɗin mita 20. Tafiya taku 10, tsayawa, ku ƙirga 3, ku sake tashi. Ku yi ta hagu, ku yi ta dama, kuma kowane zagaye ku nemi amsa da matsin da bai kai na baya ba. In doki ya ci gaba da wurga kai duk da hannu ya yi taushi, a kira likitan dabbobi ya duba haƙoransa, a kuma duba ko linzamin ya yi masa daidai. Sauko haka nan, sassauta masa majanyi. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.