Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa soja da dambe a ƙasar waje?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan damben boksin da sojoji ke yi a sansanoninsu idan an tura su aiki ƙasashen waje. Baƙonmu tsohon soja ne da ya horar da 'yan dambe a bariki. Baba Saja, barka da zuwa.

Baba Saja: Barka kadai, ɗana.

Mu fara da wani ɗalibi daga Maraɗi, yana tambaya ko ana biyansu. A'a, damben 'yan dagaji ne, turmi 3, kowane turmi minti 3. Wanda ya yi nasara kofi ko lambar yabo yake samu, sai kuma suna a bataliya.

Wani mahauci daga Gusau ya ce, in aka haɗa ɗan damben gargajiya da sojan boksin, wa zai yi kisa? Kai, ɗan'uwa, daga jin tambayar mun san ɓangaren da kake! Wasa biyu ne daban. Ku hannu ɗaya kuke ɗaurewa, ɗayan garkuwa, ga kuma ƙafa. Su hannu biyu ne cikin safar dambe, ba shuri, kuma sai an auna nauyi kafin a haɗa mutum da abokin karawarsa.

Wani tela a Kumasi yana son jin asalin abin. Ya daɗe. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Amurka da ke zaman jiran komawa gida a Faransa sun yi ta shirya gasa, kuma a 1919 wani sojansu mai suna Gene Tunney ya ci kambun ajin nauyinsa a can. Shi ne ya zo ya doke Jack Dempsey a 1926, ya zama zakaran duniya. Joe Louis kuwa yana riƙe da kambun duniya ya shiga soja a 1942, ya yi wasannin nishaɗantar da sojoji kusan 100, har Ingila da Italiya.

To, ga wasiƙar da za mu ɗan zauna a kanta, domin mun samu irinta daga iyaye da matan sojoji da dama. Wata Hajiya daga Kano ta ce ɗanta yana aikin wanzar da zaman lafiya a waje. Ya turo mata hoto ta WhatsApp, ido a kumbure, leɓe a fashe, yana murmushi, wai dambe suka yi a sansani. Ta ce, “Ina kwana ina yi masa addu'ar tsari daga harsashi, ashe abokan aikinsa ke dukansa. In hana shi?” Baba Saja, me za ka ce mata?

Baba Saja: Hajiya, Allah ya dawo miki da shi lafiya. Abin da farar hula ba su sani ba, yawancin aikin soja a waje zama ne. Ka yi gadi, ka yi sintiri, ka dawo tanti, ba iyali, ba inda za ka. Kewar gida ta taso, zuciya ta yi zafi, magana kaɗan sai faɗa. Mun ga haka a Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Yaron da ya tashi da asuba ya yi gudu, ya yi tsallen igiya, ya daki buhun yashi har zufa ta jiƙa singiletinsa, da dare barci yake yi, ba ya neman ƙwaya. Akwai ma wani Ba'amurke, Ray Mercer, yana soja a Jamus ta Yamma ya fara dambe yana da shekara 23. Don ya kauce wa atisayen daji cikin sanyi ya yarda ya riƙa gwada hannu da zakaran sansaninsu. A 1988 ya ci zinare a gasar Olamfik ta Seoul. Ga Ken Norton, wanda ya karya wa Muhammad Ali muƙamuƙi a 1973, shi ma a soja ya koya...

Baba Saja, Allah ya ƙara girma, tarihin ya yi daɗi, amma Hajiya idon ɗanta take tambaya.

Baba Saja: Gaskiyarka. Kumburin ido kwana kaɗan ne ya saɓe. Abin tsoro dukan kai. Ta tambaye shi: hukuma ce ta shirya, ko su ne suka zagaya bayan tanti? In hukuma ce, akwai likita a gefe, akwai alƙalin da zai tsayar da wasa ya ƙirga 8 in ya ga yaro ya jigata, akwai robar kare haƙora, kuma an auna nauyi. Wanda aka sumar da dukan kai, a ƙa'ida sai ya huta aƙalla kwana 30, ko gwaji ba zai yi ba.

Bari in maimaita, Hajiya, ke da sauran masu wannan damuwa. Likita, alƙali, awon nauyi, da hutun kwana 30 bayan suma. In babu waɗannan, ki hana shi, kuma kina da gaskiya. In akwai, a ra'ayina ki bar shi, ya fi zaman tunani. Ku kuma samarinmu da ke can, ku ji da kyau: ciwon kai da ya ƙi sauka, jiri, amai, ko ganin abu biyu-biyu bayan dambe ba abin ɓoyewa ba ne don gudun a ce kai rago ne. Ka je wurin likitan sansani a ranar. Sannan don Allah a daina tura wa uwa hoton kumburarren ido ba tare da bayani ba.

Wani daga Zinder ya tambaya ko sojojin duniya suna da gasarsu. Suna da ita. An kafa hukumar wasannin soja ta CISM a Faransa a 1948, aka yi gasar sojojin duniya ta farko a Roma a 1995, da dambe a ciki.

Agogo ya cim mana. Mai tambaya kan damben sojoji mata, wasiƙarki ta iso, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba Saja, mun gode. A huta lafiya.